Kwaɗon Ƙofar Audi

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Satumba, da ƙarfe goma na safe, aka yaye zanen da ya rufe mutum-mutumin a zauren taro na Bagudo. Gwanjo ne don taimakon waɗanda ambaliya ta ci, kuma masu saye sun zo daga Birnin Kebbi, har da na Kwatano.

Surar mace ce, tsayinta ya kai na mutum. Ƙafarta taɓarya ce mai fasasshen kai, ƙirjinta kwanukan samira, gyalenta tsohon tarun kamun kifi. A bakinta an rataya kwaɗon ƙofa a kulle, yana riƙe da ƙarfensa da ɓallin katako. Dillali Zayyanu ya ce daga hayin ƙasar Benin aka kawo ta, kuma mai aikin bai yarda a faɗi sunansa ba.

Audi masunci, mutumin Kaoje, kifi ya kawo kasuwa, kallo kawai ya tsayar da shi. Sai idonsa ya faɗa kan gindin kwanukan. Matan ƙauyensu kowace tana yi wa kwanonta shaida da fenti, don kada ya ɓace a gidan biki. Ɗigo uku ja, ɗaya a karkace, shaidar matarsa Tasallah ce. Har wani sabon kwano a kafaɗa yana da ita, fentin na sheƙi, amma Audi bai tsaya a kansa ba.

Tasallah kuwa ta tafi a babbar ambaliyar shekarun baya, ranar da ruwa ya rushe gidansu yana can wajen kamun kifi. Ya gaya wa kowa wanki ta tafi bakin gulbi. Ba a ga gawa ba. Tun daga nan yake karɓar gaisuwa, ana tausaya masa.

Ya kutsa gaba yana ture kujeru.

"Ɓarayi! Kayan matata na, da ruwa ya ci. Kun tsince kayan mamaciya kun yi gunki da su!"

"Baba, koma baya, warin kifinka na korar baƙi," in ji Zayyanu. "Kowace tsohuwa a ƙasar ga tana da jan fenti. Ina shaidarka?"

Aka yi dariya. Wani mai babbar riga ya ƙara tayi, kamar ba a yi magana ba. Audi ya ga kwanukan da ya kamata su shiga ɗakin ɗiyarsa Kausar za su hau mota su tafi har abada. Kausar ɗin ma tana bakin ƙofa da tiren ƙosai, tana kallo.

Ya sa hannu a wuya, ya ciro igiyar da bai taɓa cirewa ba. Akwai ɗan makulli mai tsatsa a jikinta. Ya zura shi a kwaɗon, ya murɗa. Kwaɗon ya buɗe sumul, kamar jiya aka zuba masa mai.

"To, kun gani? Na ƙofar ɗakinta na!"

Ba wanda ya tafa. Hassan, ƙanen Tasallah, ya miƙe a hankali daga cikin jama'a.

"Audi, kai ka ce muna wanki ta tafi. Wa ka kulle a ɗakin, ka tafi da makulli ruwa na tasowa?"

Audi ya zare kwaɗon daga bakin mutum-mutumin. Wata tsohuwa ta tofa yawu kusa da ƙafarsa. Baƙi suka fara zamewa, mutanen Kaoje suka fita suna juya masa ƙeya. Ba a sayar da komai ba ranar nan.

Da aka kira azahar, waɗanda suka rage a zauren su ne Zayyanu, yana naɗe zanensa. Hassan, ya tare ƙofa. Audi, da kwaɗo a hannu. Kausar, tirenta a ƙasa. Sai wata mata mai lulluɓi da ta zauna a lungu tun safe, wadda ta kawo aikin daga hayi, jan fenti a ƙarƙashin farcenta, tana buɗe fuska tana kiran Kausar da sunan da ba wanda ke kiranta da shi sai uwarta.