Sharar Malam Baballe

"Sun ƙi buɗuwa," in ji Malam Baballe, yana dire laftof a gaban Huraira, mai kula da kwamfutocin ofishinsu na Tarauni. Tun Juma'a yake fama da fayilolin aiki a gidansa na Gyadi-Gyadi.

Huraira ta yi hamma, ta jona kebul ɗin intanet na ofis.

"Ba ta gama kwaso su ba ka rufe, Malam. Yanzu za ta daidaita. Abin da ka canja a gida, haka zai koma a rumbun fayilolin ofis da kowa ke buɗewa."

"Madalla. Har shara na yi. Tsofaffin fayiloli duk na goge, na zuba bidiyon sunan jikana."

Ta wawuro kebul ɗin. Ina, an kammala.

Can ofishin darakta, sai guɗar suna ta tashi daga kwamfuta.