Kukan Shugabar Zumuntar Mata

Shugabar zumuntar mata ta faɗo ofishin fasto tana kuka, ko sallama babu.

Gaban fasto ya faɗi, ya ɗauka giya ta ƙarasa mijinta. Shekara goma sha biyu ke nan, kowace Laraba sai ta miƙe a taron addu'a ta roƙa masa tuba, mata na share hawaye suna jinjina haƙurinta.

Ya ce, "Mama, kada ki karaya. Allah mai aminci ne, babu abin da ya gagare shi."

"Ai matsalar ke nan, Fasto! Mutumin nan ya tuba. Mako uku ko ɗigo bai sha ba." Ta fyace hanci. "Ga shi gobe Laraba. In na miƙe, me zan ce?"