Kokwambar Yaya

Tun da Auta ta samu ciki, babu abin da ke zama a cikinta sai kokwamba. Ɗanya take so, a yayyanka da ɓawonta, a barbaɗa ɗan gishiri. Ta daɗe tana neman haihuwa, don haka ko maganin ciwon kai ba ta sha sai ta tambayi likita.

Kokwambar daga lambun Yayanta take zuwa, a bayan gidansu na gado. Mutum ne mai hannun shuka, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya kafa sanduna, ya ɗaure igiyoyi, yaɗo ya hau, ga 'ya'ya dogaye suna reto shar da su. Auta ce ma ta haɗa shi da ƙawarta mai gidan abinci, wadda ke saye don an tabbatar mata ba a yi musu feshi.

Kwatsam sai ƙwari suka faɗa wa lambun, ganye ya fara komawa kamar rariya. Da yamma Yaya ya dama maganin ƙwari, har ya wuce gwargwado, ya yi feshi. A jikin kwalbar an ce a jira kwanaki kafin a tsinka. Ina! Mai gidan abinci za ta aiko gobe.

Da safe Auta ta shigo da kwanonta, ta ja hanci.

"Yaya, wani wari nake ji. Ba dai magani ka fesa ba?"

Ya san in ya amsa, yanzun nan ƙawarta za ta ji, ciniki ya tashi. Sai ya kwashe da dariya.

"Kai, hancin masu ciki! Taki ne na zuba. Haba Auta, ni zan ba ki abin da zai cutar da ke?"

Da hannunsa ya tsinko mata manya daga tsakiyar lambun. Ta ɗauraye sama-sama, ta ci ta ƙoshi tana sa masa albarka.

Kafin rana ta take amai ya taso mata, ga gumi, ga murɗar ciki. Mijinta ya kwashe ta sai asibiti. Likitoci sun ceto Auta, amma cikin ya zube.

Matar Yaya ce ta kasa riƙe abin. Ta durƙusa a bakin gado tana kuka.

"Auta, ki yafe mini. Ya yi feshi, a gabana ya dama. Layin bakin katanga kaɗai ya bari. Ya ce na wurin ba su da yawa, a bar wa yaranmu, kada in kuskura in ba su na tsakiya."

Auta ta juyo ta dube ta.

"Wato ya sani."

"Ya sani."

Can sai ga Yaya da ledar lemo, yana sunkuyar da kai. Auta ta juya fuskarta bango.

"Na tambaye ka, Yaya. Da bakina na tambaye ka, ka yi mini dariya. Fita, don Allah."

Lemon ma ba ta yarda an ajiye ba.

Jama'a, wanda ya fesa magani ya jira kwanakin da aka ce, in an tambaye shi kuma ya faɗi gaskiya. Abin da ka hana 'ya'yanka ci, cin amana ne ka miƙa wa wani.