Mai Wankan Gawa a Hannun Mutum Bakwai

Kofur Sudin ya ajiye kofin shayi a ƙasa, ya tura shi da bakin takalmi ta ƙarƙashin ƙarafunan ɗakin tsaro na kotu. Lor Ah Poh ya ɗauka ya yi godiya. Shekara talatin yana wankan gawa a Penang, ya saba da kofin da za a fasa da zarar ya tashi.

Awa uku ke nan mutum bakwai masu taya alƙali yanke hukunci suna kulle a ɗakin sama. In suka ce shi ya kashe Ooi Teik Hin, attajirin shinkafa, to rataya ce.

"Baba, ci abinci mana," in ji Kofur. "In yunwa ta kashe ka a nan, wa zai wanke ka?"

"Kai mana, yaro. Na ga hannunka da laushi."

Kofur ya tofar da yawu, ya ƙara ja da baya.

Shaidu tara aka kawo, babu wanda ya ga komai. Wani wanzami ya rantse idon Ah Poh ba irin na mutane ba ne. Mai sayar da taliya ta ce ranar da ya gifta ƙofarta romonta ya yi tsami. Magana ɗaya ce mai ɗan nauyi: Ooi ne ya sa aka kori Siew Lan, 'yar Ah Poh, daga koyarwa, wai 'yar mai gawa ba za ta riƙe hannun jikokinsa ba. Wuƙar da aka yi kisan da ita kuwa, 'yan sanda sun yashe rijiya biyu, sun birkita katifar tsohon da dogon kara, ba su gan ta ba.

Lauyan da gwamnati ta ba shi, wanda bai taɓa gaisawa da shi hannu da hannu ba, ya yi ƙoƙarinsa. Ya tuna wa kotu cewa da aka dawo da gawar daga asibiti, duk masu wannan sana'a ƙin taɓa ta suka yi, saboda kisa ne. Wannan tsohon shi ya wanke Ooi, ya sa masa suturarsa, ya kwantar da shi a akwati.

Ƙarfe huɗu mutanen bakwai suka fito. Siew Lan na zaune ita kaɗai a bencin mutum goma. Shugaban mutanen bakwai, wani akawu mai yawan gumi, ya kalli silin ya ce Ah Poh ba shi da laifi. Ko adalci ne, ko tsoron fatalwar mai gawa, babu wanda ya tambaya.

A waje masu keken haya uku suka ƙi ɗaukar su. Suka kama hanya a ƙafa, tana kuka don murna da takaici.

"Baba, wata takwas suka ci maka a banza. Mutanen da ko kallonka ba sa iya yi!"

"Bar su, 'yar nan. Al'adarsu ce, ni ban taɓa jin haushinta ba."

Kuma gaskiya ya faɗa. A al'ada, in za a rufe akwati a buga ƙusa, kowa juya baya yake yi, don wanda ya kalla masifa za ta bi shi gida. Ranar da za a rufe akwatin, matar Ooi da 'ya'yansa da jikokinsa, har da sufeton da ke binciken kisan, mutum sittin, suka fuskanci bango cikin ladabi, suka jira, shi kuwa Ah Poh ya zaro wuƙar daga hannun rigarsa, ya kwantar da ita a gefen Ooi, ya ɗauki guduma.