Tsinken Turare Uku

Da baƙuwar ta tsallake dokin ƙofa, matar gidan ta bi ta da kallon ƙyashi. Sa'arta ce, har furfurarsu ɗaya, amma 'yar jaka kawai ta rataya, ba miji ba ɗan jagora, tana zaga lungunan garin Hoi An yadda ta ga dama.

Ita kuwa matar gidan, tun da aka kawo ta tsohon gidan katakon nan ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Duk damina sai ta kwashe hotunan kakannin miji zuwa bene kafin kogi ya shigo, duk safiya sai ta kunna musu turare.

"Wasu dai sun huta," ta ce wa mijinta, ko rage murya ba ta yi ba, don ta ɗauka baƙuwar ba ta jin yarensu. "Ba mai jiransu, rayayye ko matacce."

"Gaskiyarki, Yaya," in ji baƙuwar da yarensu, duk da harshenta ya karye.

Ta zaro tsinken turare uku. Ta ce tana goye iyayenta suka gudu a jirgin masunta, aka tsamo ta daga teku ban da su. An ce mata 'yan garin nan ne, amma ba wanda ya san gidansu.

"Ko za ki sam mini gefen kaskonki?"

Matar gidan ta buɗe mata wuri a tokar. Sai a lokacin ta leƙa jakar da take ƙyashi. Turare ne maƙil, an ɗaure uku-uku, kowane gida da nasa, ko za ta dace da na iyayenta.