Ƙwan da Ba a Yi wa Allura Ba

Na kashe wutar ɗakin gwaji, na kunna fitilar duba ƙwai.

"Yaya, ki bar min wannan," in ji abokiyar aikina. "Jiya fa kika dawo aiki."

"Hannuna lafiyarsa ƙalau."

Ƙwai ne masu 'yan tsaki a ciki. Mun yi musu allurar ruwan da aka lakato daga maƙogwaron kajin wata gona. Idan 'yan tsakin sun mutu, mu zuƙi ruwan ƙwan mu gano wace irin murar tsuntsaye ce.

Na ɗaga na farko a gaban haske. Jijiyoyi sun dushe, ba motsi. Na biyu ma haka. Haka likita ya daɗe yana kallon hoton cikina wancan makon, yana neman motsin jaririna, bai gani ba.

Na ƙarshe shi ne wanda muka bari ba allura, don kwatance. Wata 'yar inuwa tana ta wutsil-wutsil a ciki.

"Shi ma tare da sauran za a zubar, Yaya. Ƙa'ida ce."

"Na sani."

Na rufe shi da tafuka biyu, na manna a marata. Da ɗuminsa.