Ƙwan da Ya Nutse

Kwana tara ke nan da Sadiya ta haihu, amma in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Ta zubar da jini da yawa. A ɗakin uwarta Furera take jego, a wani ƙauye gabas da Ɗambatta.

Damina ce, zabin Furera suna ta zuba ƙwai a cikin gonar gyaɗa. Da hantsi takan tsinto su, da laka da kashi a jikinsu, ta zuba a ƙwaryar ruwa. Wanda ya taso ya lalace, a yar. Wanda ya nutse mai kyau ne. Haka ta ga uwarta tana yi. Ruwan ƙwaryar kuwa sai ya kwana uku ba a sake shi ba.

Ta fasa biyu a kofi, ta kaɗa da madarar gwangwani.

"Inna, ƙarni yake min. Ki dafa mana," in ji Sadiya.

"In an dafa ai wuta ta cinye amfanin. Toshe hanci ki shanye. Ke da zani ma ba kya iya ɗaurawa, har da zaɓe?"

Ta shanye. Washegari ma haka.

Rana ta uku sai zazzaɓi da amai da gudawa. Furera ta ce dattin haihuwa ne yake fita, ta ƙara mata ƙwai ɗaya don ta yi ƙarfi. Sai da nono ya ƙafe, jariri yana tsotso ba komai, sannan Zubair, mijin Sadiya, ya nemo mota.

Malamar asibiti ta tambayi abin da mai jegon take ci. Furera ta faɗa.

"Ɗanye, Inna?"

"Ai na gwada. Duk sun nutse."

"Ruwa tsufan ƙwai kawai yake nunawa. Ƙwayar cuta ba ta sa shi ya taso. In ruwan da datti ma, ta ɓawo yake shigar da ita ciki."

Aka yi wa Sadiya ƙarin ruwa leda uku. Washegari kafin la'asar ta cika.

Furera ba ta yi kuka ba. Ta dawo gida da jariri a baya, ta zauna a tsakar gida. Ƙwaryar tana nan inda ta bar ta, da ƙwai biyu kwance a ƙasan ruwa. Ta daɗe tana kallonsu.

Jama'a, nutsewar ƙwai ba shaidar lafiyarsa ba ce. Ku dafa shi har gwaiduwa ta daskare, ku wanke hannu da sabulu. Kada ku bai wa kowa ɗanye, balle mai jego ko yaro.